Tazarce A Ma'aunin Shari'a

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda mulkinSa kaɗai ne ba shi da farko ba shi da ƙarshe, Yana ba da aron sarauta ga wanda Ya ga dama cikin bayinSa, Ya kuma karɓi abinSa ranar da Ya so. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, mafi cika alkawarin talikai, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi sawunsu da kyautatawa har ya zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa Musulmi, akwai wata magana da takan taso duk sa'ad da wani shugaba ya ga kwanakinsa a kan kujera sun kusa ƙarewa. Takan faro ne da raɗe-raɗi a zaure da tashar mota, daga nan a kai ta rediyo, daga bisani kuma ka ji ta har a kan mumbari. Maganar ita ce, wai ƙayyade wa shugaba shekarun da zai yi yana mulki ba shi da asali a Musulunci. Masu faɗin haka sukan ce, cikin Halifofi huɗu shiryayyu ba wanda aka yanka wa wa'adi, kowannensu yana kan mulki ajali ya same shi. Saboda haka wa'adi baƙon abu ne da aka aro daga Nasara, wanda ya nemi zarcewa kuwa bai saɓa wa addini ba. Ya kamata a tsaya a amsa wannan magana da natsuwa, domin rabinta gaskiya ne, kuma ƙaryar da aka cakuɗa da gaskiya ta fi wuyar tsincewa.

Mu fara da rabin da yake gaskiya. Sayyidina Abubakar ya yi shekara 2 da 'yan watanni, Sayyidina Umar ya yi 10 da rabi, Sayyidina Usman ya yi 12, Sayyidina Aliyu ya yi kusan 5, Allah Ya ƙara musu yarda. Ba wanda aka ce masa ranar kaza za ka sauka. Malaman fiƙihu na da, da suka yi rubutu a kan shugabanci, su ma ba su kawo wa'adi cikin sharuɗɗa ba. Imam Mawardi, wanda ya rasu shekara ta 450 bayan Hijira, ya bayyana a littafinsa Ahkamus Sulɗaniyya cewa abin da ke fitar da shugaba daga muƙaminsa shi ne zubewar adalarsa, ko wata nakasa da ta same shi a hankali ko a jiki. Ba mai musun wannan. Saboda haka ƙasar da ba ta sa wa shugabanninta wa'adi ba, ba za mu ce ta yi zunubi don wannan kaɗai ba. Ko a cikin Turawan ma ba duka suka sa ba: Firayim Ministan Ingila ba shi da adadin shekaru, yana nan muddin majalisa na bayansa.

To amma rashin yin abu daban, hana yinsa daban. A nan ne masu waccan magana suka yi tuntuɓe. A babin ibada, kamar salla da azumi da aikin Hajji, ba a ƙirƙiro komai, sai abin da aka karɓo daga Manzon Allah (S.A.W.). A babin mu'amala da tafiyar da al'amuran jama'a kuwa, ƙa'idar malamai ita ce komai halal ne sai abin da nassi ya hana. Da a ce duk abin da Sahabbai ba su yi ba haram ne, da Sayyidina Umar bai kafa diwanin da ake rubuta sunayen mayaƙa da albashinsu ba, da bai sa an fara lissafin shekara daga Hijira ba, tun da ba a yi ko ɗaya cikinsu a zamanin Annabi ko zamanin Abubakar ba. Irin wannan shi malamanmu na Malikiyya ke kira maslaha mursala, watau amfanin jama'a wanda nassi bai ambace shi da suna ba, bai kuma kore shi ba. Cikin malaman wannan zamani, Shaihu Yusuf Ƙardawi, wanda ya rasu a 2022, yana cikin waɗanda suka halatta wa'adin mulki bisa wannan hujja.

Ku duba ma yadda su Halifofin suka hau. Abubakar an yi masa mubaya'a ne bayan muhawara a rumfar Banu Sa'ida. Umar, Abubakar ne ya ambace shi bayan ya shawarci manyan Sahabbai. Da aka soki Umar, sai ya bar al'amarin a hannun mutum shida, Usman da Aliyu da Ɗalha da Zubairu da Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas da Abdurrahman ɗan Aufu, ya ba su kwana uku su fitar da ɗaya daga cikinsu. Aliyu kuwa mutanen Madina ne suka yi masa caffa a cikin tsakiyar fitina. Hanya huɗu ke nan ga mutum huɗu. Da akwai siffa ɗaya tilas da addini ya saukar, da waɗannan bayin Allah ba su saɓa mata ba. Abin da bai canza ba a duk huɗun shi ne shawara, da yardar jama'a, da adalci, da riƙon amana. Sauran kuwa tsari ne da kowane zamani ke ɗinka wa kansa.

Abu na biyu, wanda ya fi na farko nauyi, shi ne a gane mene ne mubaya'a. Malamai sun ce ƙulli ce tsakanin ɓangare biyu, al'umma da wanda ta zaɓa, kamar yadda ciniki da aure da jinga suke ƙulli. Ƙulli kuwa yana karɓar sharaɗi. Sayyidina Abubakar da bakinsa ya gindaya wa kansa sharaɗi a huɗubarsa ta farko, inda ya sanar da mutane cewa biyayyarsu gare shi tana rataye ne da biyayyarsa ga Allah da ManzonSa, in ya saɓa to ba shi da haƙƙin biyayya a kansu. Abdurrahman ɗan Aufu kuma, sa'ad da zai miƙa hannu ga Usman, ya ɗora mubaya'ar a kan bin Littafi da Sunna da kuma hanyar Halifofi biyun da suka gabata. Wannan na ƙarshe sharaɗi ne da jama'a suka ƙara, Usman ya karɓa, ba Sahabin da ya ce bidi'a ce. Hadisi kuwa ya tabbatar cewa Musulmi suna ɗaure da sharuɗɗan da suka ƙulla, sai fa sharaɗin da ya halatta haram ko ya haramta halal. To wace halal ce ta haramta, ko wace haram ce ta halatta, idan jama'a suka ce wa mutum mun ba ka riƙon al'amarinmu shekara huɗu, in ka kyautata mu ƙara maka huɗu, daga nan ka ba wani?

An ruwaito cewa Abu Muslim Al-Haulani, ɗaya daga cikin manyan Tabi'ai, ya shiga wurin Mu'awiya yana Halifa ya yi masa sallama da laƙabin ɗan ƙwadago. Fadawa suka yi caa, suka ce ya gyara ya ce sarki, ya ƙi. Mu'awiya ya ce su ƙyale shi, ya san abin da yake faɗa. Ya bayyana masa cewa shi makiyayi ne da Mai dukiya Ya ɗauka aiki. Duk ɗalibin da ya karanta babin ijara a Risala ya san cewa in za ka ɗauki mutum aiki, sai an san ladansa, an kuma san iyakar aikin ko iyakar kwanakin. Idan ka ba makiyayi shanunka ya yi maka kiwon damina ɗaya, kaka ta yi, ya ce shi fa ba zai mayar ba saboda shanun sun saba da shi, kuma ba wanda ya iya kiwo kamarsa, wane suna alƙali zai kira shi da shi?

Sayyidina Umar ma bai bar gwamnoninsa su yi saiwa ba. Ya tuɓe Sa'adu daga Kufa alhali ya shaida cewa ba don gazawa ko ha'inci ya tuɓe shi ba. An kuma ruwaito cewa ya yi wasiyya kada a bar wani gwamnansa fiye da shekara ɗaya bayansa, sai Abu Musa Al-Ash'ari wanda ya ce a bar shi shekara huɗu. Ga wa'adi nan da adadinsa daga bakin Faruƙu.

Za a ce, ai Sayyidina Usman ya ƙi sauka da aka nemi ya sauka, har aka kashe shi. Haka ne. Amma mubaya'ar Usman ba a ƙulla ta da wa'adi ba, waɗanda suka kewaye gidansa kuma 'yan tawaye ne da suka zo da makami, ba su ne ma'abuta ƙullawa da warwarewa ba. Ya tsaya ne a kan ƙullin da aka yi da shi, ya kuma hana a zubar da jinin kowa don kare shi. Mai neman tazarce kuwa ƙullin da aka yi da shi yake son warwarewa, sau da yawa kuma jinin talakawa ne kuɗin warwarewar. Bai dace a jingina wannan ga wancan ba.

Batun cewa daga Nasara aka aro, gaskiya ne a Amurka abin ya fara yin suna. Shugabansu na farko, George Washington, ya yi zango biyu ya koma gonarsa a 1797, abin ya zama al'ada ba doka ba, har Franklin Roosevelt ya karya ta, ya ci zaɓe sau huɗu, ya mutu a kan mulki a 1945. Daga nan suka rubuta ta cikin tsarin mulkinsu, ta fara aiki a 1951. Mu kuma a Nijeriya mun ɗauko ta a tsarin mulkin 1979, kuma ba don sha'awar Amurka kawai ba. Mun riga mun ɗanɗana. Janar Yakubu Gowon ya yi alkawarin mayar da mulki ga farar hula a 1976, ranar 1 ga Oktoba 1974 ya ce wannan rana ba za ta yiwu ba, ranar 29 ga Yuli 1975 aka hamɓarar da shi yana taro a Kampala. Tsarin mulkin 1999 ya maimaita dokar: sashe na 137 ya hana wanda aka zaɓa Shugaban Ƙasa sau biyu sake tsayawa, sashe na 182 ya yi wa Gwamnoni haka. Aron abu mai amfani daga wasu mutane kuwa ba aibi ba ne. Ramin da aka haƙa ya kare Madina ran yaƙin Ahzab dabarar Farisa ce, Salman ya kawo ta, Annabi (S.A.W.) ya karɓa, ya shiga haƙa da hannunsa mai albarka.

Yanzu sai mu zo kan gaɓar da ta fi ba ni tsoro, ita ce rantsuwa. A ƙasashenmu shugaba Musulmi ba ya hawa kujera sai ya riƙi Alƙur'ani mai girma a gaban dubban mutane ya rantse da Allah zai kiyaye tsarin mulki, wa'adin kuwa yana rubuce a cikin abin da ya rantse a kai. Daga wannan sa'a maganar ta tashi daga halal da za a iya yi ko a bari, ta koma wajibi. Suratul Ma'ida da umurnin cika ƙulle-ƙulle ta buɗe. A Suratun Nahli Allah Ya hana warware rantsuwa bayan an ƙarfafa ta, Ya kwatanta mai yin haka da macen da ta kaɗa zarenta ya yi ƙarfi, sa'an nan ta zauna ta warware shi sili-sili. Saɓa alkawari kuma yana cikin alamomin munafunci da hadisi ya lissafa. Kada wani ya ce a zuciyarsa ya nufi wani abu dabam lokacin da yake rantsuwar, gama hadisi ya nuna cewa rantsuwar da aka nema daga mutum tana bisa niyyar mai rantsarwa ne. Ciyar da miskinai goma ko azumin kwana uku suna kankare karya rantsuwa tsakanin bawa da Ubangijinsa, amma ba su mayar wa mutum miliyan ɗari haƙƙinsu da aka danne.

Ku tuna Hudaibiyya, shekara ta 6 bayan Hijira. An ƙulla sulhun shekara goma da Ƙuraishawa, cikin sharuɗɗan har da mayar musu da duk wanda ya gudo daga Makka. Ana cikin rubutun sai ga Abu Jandal, ɗan Suhailu ɗan Amru wakilin Ƙuraishawa, ya iso yana jan mari, yana roƙon Musulmi kada su bari a koma da shi. Zukatan Sahabbai suka ƙuna. Manzon Allah (S.A.W.) ya ba shi haƙuri ya mayar da shi, don magana ta riga ta ƙullu. Alkawarin da aka yi da masu bautar gumaka ke nan, kuma cika shi ya zo da ɗaci. Ina ga wanda aka yi da 'yan'uwa Musulmi da maƙwabta, da Littafin Allah a hannu?

Kalmar tazarce ta fara tashe ne a Nijeriya zamanin Janar Sani Abacha, lokacin da jam'iyyu biyar ɗin da ake da su duka suka tsayar da shi ɗan takararsu a 1998, Allah kuma Ya karɓi ransa ranar 8 ga Yunin shekarar. Amma inda aka ga abin tun daga shukarsa har girbinsa shi ne Jamhuriyar Nijar, kuma ina kawo labarin ne don wa'azi, ba don cin naman mamaci ba. Shugaba Tandja Mamadou, Allah Ya gafarta masa, an zaɓe shi a 1999, aka sake zaɓensa a 2004. Mutum ne da talakawan karkara suka so ƙwarai, har suna ce masa Baba Tandja, saboda azuzuwan makaranta da ɗakunan shan magani da ya gina a ƙauyuka. Tsarin mulkin da ya rantse a kai ya ba shi shekara biyar sau biyu, ya kuma faɗa ƙarara cewa wannan sashe ba ya gyaruwa. Wa'adinsa zai cika ranar 22 ga Disamba 2009.

Wajen ƙarshen 2008 sai aka fara gangami ana roƙonsa ya zarce. Hujjar ita ce ya ɗauko manyan ayyuka bai gama ba: madatsar ruwa ta Kandaji, da gada ta biyu a Yamai, da matatar mai ta Damagaram, da ma'adinin yuraniyam na Imuraren. Kotun tsarin mulki ta ce ba shi da wannan hanya. A watan Mayun 2009 ya rushe majalisar dokoki, a watan Yuni ya rushe kotun kanta. Ranar 4 ga Agusta aka yi ƙuri'ar raba gardama wadda 'yan hamayya suka ƙaurace mata, aka ba da sanarwar cewa fiye da kashi 90 cikin ɗari sun amince, aka ƙara masa shekara uku, aka kuma cire wa'adin. Ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma ta dakatar da Nijar a watan Oktoba, Tarayyar Turai ta tsayar da taimakon raya ƙasa, alhali daminar shekarar ba ta yi kyau ba, yunwa na tafe. Ranar 18 ga Fabrairu 2010 yana taron majalisar ministoci sojoji suka buɗe wuta a fadarsa, Salou Djibo ya karɓi mulki. Shekara uku aka nema masa, abin da ya ƙaru a kan wa'adinsa bai cika wata biyu ba, ya kuma zauna a tsare har watan Mayun 2011. Matatar man da aka ce ba mai iya gama ta sai shi, an buɗe ta a watan Nuwamban 2011 a hannun Shugaba Mahamadou Issoufou. Da ya sauka ranar da ya yi alkawari, da yana cikin manyan baƙi ran buɗe ta.

Haka aka yi a Burkina Faso, inda Blaise Compaoré ya shekara 27, ya nemi a gyara masa doka a 2014, jama'a suka cinna wa majalisa wuta, ya gudu. Haka a Gini, inda Alpha Condé ya sake tsarin mulki ya shiga zango na uku a 2020, soja suka kama shi a watan Satumban 2021. Kada a fahimci cewa ina yaba wa juyin mulki. Ƙwace da bindiga shi ma saɓa wa shawara ne, kuma an sha ganin wanda ya zo korar mai tazarce ya zauna ya yi tasa tazarcen. Abin da nake nunawa shi ne wanda ya toshe ƙofar da aka yarda a riƙa fita ta cikinta, shi ya gayyato masu fasa katanga. Toshe hanyar da ke kai wa ga ɓarna kuwa, wanda malamai ke kira sadduz zari'a, babban ginshiƙi ne a mazhabar Imam Malik.

Mu koma kan wannan kalma ta "sai shi", domin akwai cutar aƙida a ɓoye cikinta. Halidu ɗan Walidu bai taɓa jan runduna aka kore ta ba, amma Sayyidina Umar ya tuɓe shi, ya kuma aika wa garuruwa bayani cewa ba don fushi ko ha'inci ya yi haka ba, ya ga mutane sun fara fitinuwa da shi ne, ya so su san cewa Allah ne Mai ba da nasara. Halidu ya karɓa, yaƙi ya ci gaba, Sham ta buɗu. Sayyidina Hasan ɗan Aliyu yana da mubaya'ar mutanen Iraƙi da dubban takubba a bayansa, bayan wata shida ya sauka ya bar wa Mu'awiya don a daina zubar da jini, shekara ta 41 bayan Hijira, har aka sa mata suna shekarar haɗin kai. Kakansa (S.A.W.) ya riga ya yi bushara da wannan sulhu, ya kuma kira shi shugaba saboda shi. A nan gida, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah Ya jiƙansa, bayan an ci Alƙalawa a 1808, bai riƙe ragamar yau da kullum ba. A 1812 ya raba kula da ƙasa tsakanin ƙanensa Abdullahi da ɗansa Muhammadu Bello, ya zauna a Sifawa yana karantarwa da rubutu, daga baya ya koma Sakkwato inda ya rasu a 1817. A Kitabul Farƙi ya lissafa karɓar sarauta da ƙarfi ba tare da shawara ba cikin ɗabi'un azzaluman masu mulki. In mutum irin Shehu ya ga al'amari zai tafi ba tare da hannunsa a kan kowace takarda ba, wane ne wannan da ƙasa za ta rushe in ya koma gidansa?

Annabi (S.A.W.) ya san halin zuciyar ɗan Adam da mulki. Ya gaya wa Sahabbai cewa za su yi kwaɗayinsa, kuma zai zama nadama ranar Alƙiyama, ya kwatanta shi da mai shayarwa, nononta da daɗi, yayenta da ɗaci. Ya hana Abdurrahman ɗan Samura neman muƙami, ya nuna masa cewa wanda ya nema akan bar shi da dabararsa, wanda aka ba shi bai nema ba akan taimake shi. Ya hana Abu Zarri, duk da tsoron Allahnsa, don ya ga yana da rauni. To yaron da aka bar wa zaɓin ranar yayensa, yaushe zai zaɓa? Shi ya sa hankali ya ce a yanke ranar tun kafin a san wanda zai sha.

Hausawa sun ce ba a mugun sarki sai mugun bafade. Karin maganar ba ta wanke sarki a gaban Allah, amma akwai gaskiya a cikinta. Hadisi ya nuna cewa kowane shugaba yana da abokan asiri iri biyu, masu tura shi ga alheri da masu tura shi ga sharri. Yawanci masu buga gangar tazarce tuwonsu suke karewa, gama sun san ran da maigida ya sauka su ma sun sauka. Su ne ke ɗebo mutane a motoci, a raba musu riguna da kuɗin cefane, a tara su a fili, sa'an nan a shiga a ce wa shugaba, ranka ya daɗe, ga talakawa can suna kuka. Abin baƙin ciki, wani lokaci har da masu rawani da carbi a cikin ayarin, ana sauke Alƙur'ani ana roƙon Allah Ya ba mutum ikon karya rantsuwar da ya yi da wannan Alƙur'anin. Ya ku malamai, ku ji tsoron Allah. Wanda ya shiga wurin shugaba ya gaya masa gaskiya a asirce da lafazi mai taushi, shi ne masoyinsa.

A Nijeriya Allah Ya kiyaye mu a 2006. An kawo ƙudurin gyaran tsarin mulki wanda a cikinsa akwai ƙarin zango na uku, wanda da ya wuce da Shugaba Olusegun Obasanjo ya sami damar sake tsayawa, ko da yake shi ya sha musanta cewa ya nema. An yi ta zargin cewa kuɗi sun yi yawo a majalisa. Aka yi muhawarar a fili ana nunawa a talabijin, kowane ɗan majalisa ya san mutanen mazaɓarsa na kallonsa. Ranar 16 ga Mayu Majalisar Dattijai, ƙarƙashin Ken Nnamani, ta yi watsi da ƙudurin gaba ɗaya. Musulmi da Kirista, Kudu da Arewa, suka haɗu a kan wannan.

Duk da haka kada mu ɗauka wa'adi maganin kowace cuta ne. Mun ga wanda ya cika shekara takwas ɗinsa ya sauka, amma ya ɗora yaronsa da ƙarfin kuɗi da maguɗi, ya koma bayan labule yana juya akala. Mun ga wanda ya yi aiki a zangon farko don yana neman ƙuri'a, a na biyu ya buɗe baitulmali don ya san ba zai sake neman kowa ba. 'Yan majalisa kuma dokarmu ba ta sa musu iyaka ba, saboda haka nan ne masu sauka daga gidan gwamnati kan nufa. Wannan tazarce ce da ta sake riga, dabarar kauce wa hukunci kuwa ba ta canza shi a wurin Wanda Ya san abin da ƙiraza ke ɓoyewa. A nan nauyin ya dawo kan mai jefa ƙuri'a, gama ƙuri'a shaida ce cewa wane ya cancanta, wanda ya sayar da ita a kan sabulu ko taliya ya yi shaidar zur. Haka kuma ƙungiyoyinmu na addini da kwamitocin masallatai da na makarantun Islamiyya: in dokar ƙungiya ta ce a yi zaɓe bayan shekara uku, shugaba ya yi shekara goma sha biyar bai kira taro ba, da wane baki zai hau mumbari ya yi wa Gwamna wa'azi?

Saura tambaya ɗaya da masu ilmi za su yi: shin ba a taɓa gyara wa'adi ke nan, ko da larura? Ana gyarawa. Abin da shawara ta ƙulla, shawara na iya warware shi, kuma yaƙi ko annoba na iya tilasta a jinkirta zaɓe gwargwadon larurar, ba a wuce ta ba. Amma akwai ƙa'idar da duk alƙalin Shari'a ya sani: mutum ba ya yin hukunci a shari'ar da yake cikinta, kuma ba a karɓar shaidar wanda zai jawo wa kansa amfani da ita. Saboda haka ba mai kujerar ne zai ce larura ta samu ba, ba kuma 'yan majalisar da ya cika wa aljihu ba, tun da an la'anci mai ba da rashawa da mai karɓa. In har an ga maslaha a tsawaita wa'adi, to a gyara ta hanyar da aka yarda da ita tun farko, gyaran kuma ya fara aiki a kan wanda zai zo, ban da wanda ke kai. A Nijeriya hanyar ita ce kashi biyu cikin uku na kowace majalisar tarayya, da amincewar majalisun jihohi 24 cikin 36. Ta wannan hanya aka bi har aka sa hannu a 2018 a kan gyaran da ya ce mataimakin da ya ƙarasa wa'adin maigidansa, kamar yadda ta faru bayan rasuwar Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa a 2010, sau ɗaya kawai za a iya zaɓensa a wannan kujera bayan haka.

Allah ne Mafi sani. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.